Babbar Raga da Ƙaramar Raga

Duk wanda ya ce zai ba ka tarihin ƙungiyar ƙwallo ta Tsawa, bai fara da shagon Kawu Gola ba, rabu da shi, shaci-faɗi yake yi. Kawu Gola ne ya kafa ƙungiyar tun gemunsa yana baƙi wuluk. Shagonsa na kayan masarufi yana bakin fili, daidai bayan raga, kuma shi ke tsaron wannan ragar tun ranar farko. Ba wai ya fi kowa iya cafke ƙwallo ba ne, a'a, wurin ne ya fi kusa da shago. Ana tsakiyar wasa wata mata za ta tsaya ta ce a ba ta sabulu, Kawu ya ɗaga hannu, a take ƙwallo a jira, ya shiga ya sallame ta, ya fito yana goge hannu a wando, a ɗora daga inda aka tsaya. Shi ya sa a garin ba a taɓa juya raga ba in an dawo daga hutun rabin lokaci. Wa zai dubi idon Kawu ya ce masa ya koma can ƙarshen fili ya bar shago a buɗe? A haka yara suka taso, suka yi aure, suka kawo nasu yaran filin.

Nasarori kuwa, kada ma a ja zance. Sunan ne kawai Tsawa. Tsakaninsu suke bugawa, magidanta da samari, a tashi ana musun wa ya ci. Sau ɗaya suka taɓa fita wasa wani gari, mota ta mutu a hanya, suka dawo a ƙafa, kuma har gobe suna sa wannan cikin wasannin da ba a ci su ba.

Filin aro ne. Na wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, gidansa yana manne da shagon Kawu. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa cewa a ba shi filinsa ba, kuma da ba zai taɓa cewa ba, ba don Allah ya haɗa shi da suruki irin Injiniya ba.

Injiniya mai walda ne. Ba wanda ya raɗa masa sunan, shi ya rubuta abinsa da jan fenti a ƙofar shagonsa, ya daina amsa kowane suna sai shi. Ya taɓa zama a babban birni, kuma a faɗarsa babu abin da ya shige masa duhu a harkar ƙwallo, don ya yi aiki a babban filin wasa, manyan masu horarwa suna tsayawa su gaishe shi. Matarsa, wato 'yar Baba, ta ce ƙofar banɗakin filin aka kira shi ya liƙa. Amma ita a tsakar gida take faɗin nata, shi kuwa a bakin titi yake faɗin nasa.

Wata yamma Tela, kyaftin ɗin ƙungiyar, ya auna raga ya narka wa ƙwallo duka. Ta bi ta saman raga, ta bi ta saman shago, ta faɗa gidan Baba. Aka ji kaji sun ɗauki kuka. Can sai ga Baba da ƙwallon a hannu, ƙwai yana ɗiga a jikinta.

"Ku dai ba kwa gajiya," in ji shi. "Shekara da shekaru kuna tayar mini da ƙura, ban taɓa jin an ce kun ci wani ba."

Mita ce irin ta tsofaffi. Kawu har ya buɗe baki zai ba da haƙuri a wuce wurin kamar kullum. Sai Injiniya, wanda kallo kawai ya zo, ya ratso mutane yana gyara wuyan riga.

"Baba, rashin koci ne ke damunsu. A ba ni su. A kira duk ƙungiyar da aka ga dama. In ba mu ci ba, ka ɗauke filinka ka yi gona."

"Ni ban ce zan ɗauke ba."

"Ni na ce."

Kawu ya taka masa ƙafa. Injiniya ya janye ƙafar ya ƙara ɗaga murya.

"A gaban jama'a na faɗa, Baba. Ni ba na magana biyu."

Baba ya dube shi, ya dubi filin tun daga wannan kai har wancan, irin kallon da bai taɓa yi masa ba.

"To, shi ke nan. Dama ina neman inda zan sa masara. Jama'a kun ji."

Ya miƙa ƙwallon ya shige gida. Kawu ya daɗe yana kallon sabon kocin nasu, sannan ya ce, "Ɗan nan, wa ya aike ka?"

"Kawu, kwantar da hankalinka. Ka sa a ranka an ci an gama."

Don ya nuna ba ya tsoron kowa, 'yan tsallaken gada ya aika wa goron gayyata, mutanen da ke da riguna iri ɗaya da takalman ƙwallo na gaske. Suka amsa, da sharaɗi biyu: za su zo da alƙalin wasa mai takarda, kuma a kafa musu ragar ƙarfe, don ba za su buga a gaban sanduna biyu da igiya ba.

Ranar da aka fara atisaye Injiniya ya zo da usur a wuya. Ya sa a zagaya fili a guje. Kafin a kai rabi Tela ya dafe ƙirji ya ce allura ta taɓa soke shi a nan. Mai Aski, maƙwabcin shagon Injiniya kuma ɗan wasan gaba, ya rantse ba zai sa wa ƙwallo kai ba, don gashinsa shi ne tallar sana'arsa. 'Yan baya biyu ba sa ga-maciji da juna saboda wata tsohuwar rigimar tattabaru, ko ƙwallo ba sa miƙa wa juna. Injiniya ya hura usur har kumatunsa suka yi ciwo. A hanyar gida ya sha jinin jikinsa. Waɗannan ko awaki aka sako musu sai an yi kunnen doki.

Amma kafin ya kai ƙofar gida dabara ta faɗo masa, kuma ta yi masa daɗi har ya shiga yana dariya shi kaɗai.

"Lafiya?" in ji matarsa tana kwashe shanya.

"Ƙalau. Wa aka ce ya ƙera ragogin nan?"

"Kai."

"To, wadda Kawu zai tsare zan yi ta 'yar mitsitsiya. Wadda baƙi za su tsare in yi ta ƙatuwa. Mu duk inda muka buga ci ne, su duk inda suka buga Kawu ne."

Ta ajiye kwandon kaya.

"In aka juya fa?"

"Aka juya me?"

"Raga. A talabijin ina gani, in sun dawo hutu kowa yana komawa ɗaya gefen."

Injiniya ya yi mata murmushin tausayi.

"Kin ga illar kallon abu daga nesa. Saboda kyamara suke juyawa. Masu talla sun kafa allunansu, dole kowane ɗan wasa ya gilma ta gaban kowane allo. Mu wa ya kawo mana kyamara? Tunda kika taso kin taɓa ganin an juya a filin nan?"

"Ai saboda Kawu ne."

"To, Kawun ya mutu ne?"

"Ni dai da ka tambayi wani."

"Wa zan tambaya? Ni ake tambaya."

Ta ɗauki kwandonta. "Allah ya ba da sa'a. Ni ko ta ina ban yi asara ba, ko dai mijina ya ci wasa, ko babana ya samu gona."

'Yan ƙungiya suka kawo masa tsofaffin bututan ƙarfe da aka cire daga wata rijiyar burtsatse. Ya ja su cikin shagonsa, wani tsohon sito mai tsawo da ƙofa 'yar siririya, ya garƙame, ya ce sirrin sana'a ne. Duk abin da ya yanke daga ƙaramar raga sai ya liƙa wa babbar. Ya ja baya ya duba, ya tuna yadda Tela ke auna raga, ya ga faɗin bai isa ba. Ya ƙara yanka, ya ƙara liƙi. Ƙarfe ya ƙare, zuciyarsa ba ta gamsu ba.

Washegari matarsa ta fito da wanki ta tarar da igiya a ƙasa, ƙarfen shanya ya yi ƙafa. Mai Aski ya zo buɗe shago ya tarar rumfarsa ta durƙusa gefe guda.

"Injiniya, ina ƙarfen rumfata?"

"Yana bautar ƙasa. In ka ci ƙwallo ranar, ka tuna da shi."

"Masu jiran aski fa, a rana za su zauna?"

"Su sa hula."

Da aka gama aka kira 'yan wasa su fitar. Ƙaramar mutum biyu suka ɗauke ta kamar gadon yara. Babbar kuwa aka kawo ta bakin ƙofa ta ƙi. Aka karkata ta, ta ƙi. Aka kwantar da ita, aka tayar, aka juya ta baya, ko kusurwarta ba ta leƙa waje ba.

"Ka auna ƙofar kafin ka fara?" in ji Tela.

"Raga aka ce in ƙera, ba ƙofa ba."

"To, yanka ta, a waje ka sake haɗawa."

"Waldata ba ta yankuwa. Ku kawo guduma."

Aka hau rushe bangon gaba. Bangon kuwa ɗaya ne da na Mai Aski. A duka na farko madubinsa ya sauko ya tarwatse. A na biyu wani bawan Allah da ake yi wa aski ya fito a guje da ƙyalle a wuya, rabin kai fes, rabi daji, ya rantse girgizar ƙasa ake yi. Mai Aski ya biyo shi da almakashi a hannu yana roƙonsa ya dawo a ƙarasa, mutumin ya ƙara mai.

"Za a gyara," in ji Injiniya cikin ƙura. "Ku ɗaga."

Ƙungiyar kaf ta sa kafaɗa. Lungun da ke kaiwa fili matsattse ne, sai aka ɗauke ta a tsaye, Injiniya yana gaba yana ba da umarni da usur. Ta kwashe igiyoyin mai wanki, da rigunan mutane a jiki. Ta tuge allon wani mai gyaran waya. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta tambaya ko gada za a yi. Yara suka bi su ɗuu, mai wanki yana bin yaran, yana tsintar kaya yana Allah ya isa. Aka isa fili da zanen gado yana kaɗawa a saman ragar.

Kawu Gola ya fito daga shago ya shiga tsakanin turakun ƙaramar. Ya buɗe hannuwa, ya taɓa wannan, ya taɓa wancan. Ya miƙe sosai, hularsa ta gogi ƙarfen sama.

"Wannan ko buhun gishiri na jingina ai ya tsare ta," in ji shi. Ya hango ɗayar can nesa, wadda babbar mota za ta shige da kaya ba ta taɓa ko'ina ba. "Ɗan nan, wannan ba ha'inci ba ne?"

"Dabara ce, Kawu. A birni kowa haka yake yi, ba a dai faɗa ne."

Kawu bai so ba. Amma ya dubi filin da ya share tsawon rayuwarsa a kai, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Injiniya ya sa aka haƙa ramuka har ƙugu, aka zuba kankare, ya ce ba ya so baƙi su zo da wata maganar a matsa ko a gyara. Ya daki turke da ƙafa ya ce ko giwa ta zo sai dai ta haƙura. Saura zaren raga. Na ƙungiyar ya rufe ƙaramar har da saura, amma a babbar ko kusurwa ɗaya bai rufe ba. Tela ya bi gida-gida yana aron gidan sauro, ya haɗa su a keke. Makon nan duk wanda ka gani a unguwar yana susa, ka san akwai ɗan Tsawa a gidansu.

Ranar wasa gari ya fito kwansa da kwarkwatarsa. Aka kawo wa Baba kujera aka ajiye a tsakiyar layi, ya zauna ya harɗe hannu. Baƙi suka sauko daga mota, zaratan samari, kowa da lamba a baya. Kyaftin ɗinsu ya dubi ƙaramar raga, ya juya ya dubi babbar, ya sake juyowa, sai ya sunkuya kamar mai ɗaure takalmi, kafaɗunsa suna rawa.

Alƙalin wasa, wani siririn mutum da baƙaƙen kaya, ya zagaya duka biyun ya dawo.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ga ni," in ji Injiniya. "Waldar hannu ce, ba ta kamfani ba."

"Ba ɗaya suke ba."

"Rana ce, Malam. In ta karkata haka takan yaudari ido."

Alƙalin ya kira kyaftin ɗin baƙi ya tambaye shi ko yana da ƙorafi.

"Ko kaɗan," in ji shi yana share hawaye. "Ai kowa zai ɗanɗana."

Injiniya bai tsaya auna maganar ba, don hankalinsa yana kan kwabon da alƙali ya cilla sama. Baƙi suka ci zaɓe. Sai ya ji kyaftin ɗin ya ce su za su tsare babbar. Injiniya ya zunguri Tela.

"Ka gani ko? Jiki ne kawai da su, ba kai."

Aka take wasa. Gaskiya dabarar ta yi aiki. Baƙi suka tare a gidan Tsawa suna ruwan ƙwallo, amma ina hanya? In ba ta daki turke ba ta daki tumbin Kawu, in ba ta daki tumbin ba ta daki gwiwarsa. Wani dattijo ya zo sayen ashana, Kawu ya ɗaga hannu, alƙali bai ko dube shi ba. Ya ƙara ɗagawa, shiru. Sai ya yi tsaki ya shige shago abinsa. Ɗan wasan baƙi ya samu raga ba kowa, ya buga, ta daki wannan turke ta daki wancan ta fito. Kawu ya dawo ya same ta a bakin layi ya ɗauke.

A ɗaya gefen kuwa abin takaici ne. Tela ya samu ƙwallo shi kaɗai a gaban ragar da ta kusa cinye faɗin fili, ya auna, ya aika ta sama ta wuce. Injiniya ya dafe kai.

"Tela, in ƙara mata wani hawa ne?"

"Faɗin ne ya ruɗa ni, Koci. Ban san ina zan zaɓa ba."

Ana dab da hutu wani ɗan baya ya dako ta sama don ya rabu da ita. Mai Aski ya ga ta nufo gashinsa, ya juya ya ranta a na kare. Ta same shi a ƙeya, ta karkace, ta gangara a hankali can wani lungu na ragar, golan baƙi yana binta a guje bai cim mata ba. Ɗaya da nema.

Gari ya ruɗe. Aka ɗaga Injiniya sama, ya sa aka bi da shi ta gaban kujerar Baba.

"Baba, irin masarar nan a ba kaji."

"Ba a tashi ba tukuna," in ji Baba.

Aka sha ruwa, aka huta, Injiniya ya ba mutane labarin yadda ya koya wa Mai Aski bugun ƙeya a asirce. Alƙali ya hura usur, ya ɗaga hannuwa biyu ya gicciya su. Baƙi suka taho gefen shago a natse. Golansu ya zo ya yi wa Kawu sallama da ladabi, ya ce a ɗan matsa masa.

"In matsa in je ina?"

"Can, Kawu."

Injiniya ya iso yana haki.

"Malam alƙali, me ake yi haka?"

"Juyi."

"Ina kyamarar?"

"Wace kyamara?"

"To, ka ji. Ba kyamara, ba talla, juyin me za a yi? Nan gidanmu ne, ba a juyawa."

Alƙalin ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne kocin?"

"Ni ne. Na yi aiki a babban filin birni."

"Aikin me?"

Daga cikin mata aka ji murya ta ce, "Ƙofar banɗaki." Injiniya ya san muryar, da ita yake kwana yake tashi.

Alƙali ya ce ko su juya, ko ya tashi wasan ya ba baƙi. Sai wata dabarar ta zo wa Injiniya. Doka ta ce mutane su juya, ba ta hana raga ta bi su ba. Ya tara 'yan wasa suka rungumi turakun ƙaramar, ya ƙirga musu, suka yi nishi. Ko gezau. Aka ƙaro 'yan kallo, ko gezau.

"Ai ka ce ko giwa," in ji Tela yana dafe da baya.

Injiniya ya kira wani mai a-kori-kura, aka ɗaura igiya a turke aka ɗaura a bayan mota. Direba ya taka, mota ta yi ƙara, ƙura ta tashi. Da ta lafa sai ga motar can gaba, ƙarfen bayanta yana nan kwance ɗaure da raga. Direban ya fito yana neman Injiniya, Injiniya ya ɓuya a bayan alƙali. Baƙi suna zaune a ciyawa suna tafi.

Alƙali ya dubi agogo ya ce a kawo gola. Kowa ya juya wajen Kawu.

"Ni da shagona," in ji Kawu. "Tunda nake ban taɓa taka wancan gefen ba, kuma ba a gaban wannan ƙofar garejin zan fara ba."

Ya zare safar hannunsa, tsofaffi, duk faci. Bai yi shawara da kowa ba, ya ɗora su a tafin Injiniya.

"Wanda ya ƙera ta shi ya san hanyoyinta."

Injiniya ya duba hagu, ya duba dama, ba fuskar da ta tausaya masa. Ya sa safar ya kama hanya. Da ya tsaya a tsakiyar ragar ya waiga, sai ya ga kowane turke ya yi masa nisa kamar wata unguwa. Can a saman kansa ga ƙarfen shanyar matarsa, da guntun igiya yana reto.

Ta farko ta shiga ta dama yana hagu. Ya koma dama, ta biyu ta shiga ta hagu. Ya tsaya a tsakiya ya buɗe hannu da ƙafa, ta uku ta bi tsakanin ƙafafun. Daga nan baƙi suka daina gudu. Daga tsakiyar fili suke aikowa, kowa da layinsa. Gidan sauro ya yage, wata mata ta ce nata ne, ta san facin. Golan baƙi ya gaji da zama, ya rataye tawul a ƙaramar raga ya taho shi ma ya jefa tasa, ya gaishe da Injiniya ya koma.

"Ku dawo baya," Injiniya yana kira. "Ku tsaya a layi ku cike ta."

Suka dawo su goma suka jeru tare da shi, aka ga har yanzu da sauran wuri. 'Yan bayan nan biyu masu gaba suka ƙi tsayawa kusa da juna, suka bar rata a tsakani, ta nan aka zura biyu.

Da farko 'yan gari dariya suke yi, har da masu faɗuwa ƙasa. Da aka kai takwas dariyar ta fara ja baya, don kowa ya tuna abin da aka sa a kan wasan. Mutane suka riƙa satar kallon kujerar Baba. Da aka kai sha ɗaya alƙali ya dubi Injiniya, wanda ke rarrafe yana neman takalminsa ɗaya, ya hura tashi tun lokaci bai cika ba. Ko baƙin ba su yi gardama ba. Kyaftin ɗinsu ya zo ya kama hannun Injiniya ya ce aikin ƙarfen dai ya yi kyau.

Motar baƙi ta tashi, fili ya yi tsit. Baba ya miƙe a hankali. Injiniya ya ɗingiso ya zube a gabansa.

"Baba, akwai magana. Alƙalin nan da su ya zo. Kuma iska..."

"Ka ce ba ka magana biyu."

Kawu ya matso, ya cire hula, abin da ba a taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Baba, ni ban ce komai ba ranar. Amma na ga ragar na yi shiru, laifin har da ni. In da hali, a duba yaran nan."

Baba ya juyo ga jama'a.

"Ni na ga abin da na gani. Rabin farko kun ci, ban musa ba. Rabi na biyu an ci ku, ku ma ba ku musa ba. Na ɗauki rabi, na bar muku rabi."

Jama'a suka sauke ajiyar zuciya, har wasu sun fara godiya.

"Wane rabin, Baba?" in ji Tela.

"Na jikin gidana mana. Can zan riƙa jan ruwa?"

Na jikin gidansa shi ne na jikin shago. Kowa ya juya ya dubi Kawu. Kawu ya mayar da hularsa, ya tsaya yana kallon 'yar ragar da ke gaban ƙofarsa, da wurin da ƙafafunsa suka cinye ciyawa tun yana saurayi. Nan ne kunya ta kama Injiniya, kunya ta gaske, irin wadda bai taɓa ji ba tunda uwarsa ta haife shi. Sha ɗayan nan duk ba su yi masa zafin wannan kallon na Kawu ba. Ya zare safar ya miƙa da hannu biyu.

"Kawu, ka yafe mini."

Kawu ya dubi safar, bai karɓa ba.

"Riƙe. Ni ba zan bar shago ba. Kai kuma ba za ka bar ragar nan ba."

Haka aka yi, kuma haka ake yi har yau. Ƙungiyar Tsawa tana wasa a rabin fili da raga ɗaya tal, magidanta su buga mata, samari su buga mata, gola ɗaya ne na kowa da kowa. Duk yamma Injiniya yana rufe shago ya zo ya tsaya, ba fashi, ba wanda ya taɓa tayin karɓarsa. In baƙo ya tsaya yana mamaki, yakan jingina da turke ya gaya masa cewa a duk faɗin duniya babu golan da aka amince wa da raga mai girman tasa, kuma yawanci kafin ya rufe baki wata ta wuce.

Kawu Gola kuwa daga cikin shago yake bin wasan. Da rani yana hango su ta saman kunyoyi. In masara ta yi tsawo ba ya ganin komai sai ganye, sai dai ya ji ihu ya taso daga can. Sai ya ɗago kai daga kan sikeli, ya saurara, ya ce wa mai sayayya, "An ci shi," ya ci gaba da awo.